Soson Ghislaine

Shekara da shekaru Ghislaine Bilodeau tana tuƙa motar tsere, amma ba ta taɓa ganin tutar ƙarshe daga bayan sitiyari ba. Kullum daga kan katangar gefen hanyar tsere take hango ta, tana tsaye gumi ya bushe mata a wuya, tana tafa wa yayanta Réjean.

Tsarin tseren ne ya jawo haka. Mota ɗaya, direba biyu, awa biyu. Ɗaya ya fara, a tsakiya a tsaya a zuba mai a sauya taya, ɗayan ya karɓa ya ƙarasa. Kowa a harkar ya san wanda ya fi gudu ake ajiyewa ƙarshe, kuma a gidan Bilodeau tun suna yara Réjean ya yanke hukunci cewa shi ya fi gudu, bai nemi shawarar kowa ba. Don haka ita ke shan turmutsutsun farko, lokacin da motoci ke cusa kai cikin kwana ɗaya ana goge wa juna fenti, ita ke kawo masa mota lafiya lau, shi kuma ya je ya karɓo tuta da tafi. Abin yana cin ta, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Ba kofi ne damuwarta ba, kofuna sun cika garejinsu na gyaran jikin mota a garin Joliette har ana zuba kusoshi a wasu. So take ko sau ɗaya ta kai motar nan har layin ƙarshe da hannunta, ta ga tutar nan mai zanen gidan dara, baƙi da fari, ana kaɗa mata ita.

Bakin Réjean ne ya ba ta dama. A farkon shekara, a teburin mahaifiyarsu, bayan ya cika ciki da wake mai zaƙin ruwan itacen maple, ya ce duk ranar da Gigi, kamar yadda yake kiran ta, ta fi shi gudu a gwaji, to ita za ta ƙarasa tsere. Yana faɗa yana dariya, irin dariyar wanda ya yi alkawarin abin da ya tabbata ba za a zo karɓa ba. Tsohuwa tana kwashe kwanuka, amma kunnenta ƙalau yake.

Sai ga tseren ƙarshen shekara, a filin nan na cikin duwatsu, ganyen itatuwan maple duk ya yi jawur. Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi, kuma a gwajin ranar Ghislaine ta fi yayanta da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Réjean ya duba allo ya sake dubawa. Ya ce tayarsa tsohuwa ce. Ya ce wani ya tare masa hanya. Ya ce ai gwajin ruwa ba gwaji ba ne. Ghislaine ba ta yi masa gardama ba, ta dai ciro waya ta kira mahaifiyarsu a Joliette ta buɗe murya yadda duk rumfarsu ta gyara za ta ji.

Tsohuwa ta saurari kokensa har ƙarshe, sannan ta ce, "Réjean, a gabana ka faɗa."

Magana ta mutu a nan.

La Puce suke kiran motar, wato Ƙuma, kuma sunan ya dace da ita. Daga nesa sai ka ɗauka irin motar da maƙwabciya ke zuwa cefane da ita ce, ƙofa huɗu, guntun baya, but mai ɗagawa sama. Sai ka matso ka ga an faɗaɗa mata kafaɗu, an ɗora mata fiffike a baya, an kwashe komai na ciki sai ƙarafa da kujera guda. Tayoyin gaba ke jan ta. Turbo ɗinta kuwa, na'urar da ke ƙara wa injin ƙarfi, yana da hali irin na mutum: ka taka totur ya ɗan yi jinkiri kamar yana tunani, sannan ya fara fito ya fizge ka gaba ɗaya, ka ɗaga ƙafa ya yi atishawa. Ghislaine tana son motar nan so na gaske, tana mata magana a cikin tsere, wani lokaci har ta manta rediyo a buɗe yake.

Matsala ɗaya ce. Kujerar an ɗaure ta daidai tsawon Réjean ne, shi kuwa dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofar gareji. Ghislaine da ƙyar ta kai masa kafaɗa. Saboda haka take da sosonta. Ruwan sinadari iri biyu aka haɗa aka zuba a baƙar ledar shara, ta zauna a kai cikin kujerar yana kumbura yana ɗumi har ya daskare da siffar bayanta, aka yanke gefe aka naɗe shi da tef ruwan ɗorawa. Da shi take matsowa gaba, ƙafarta ta isa birki, idonta ya haye saman dashbod. Réjean yana kiran soson ƙaramar Gigi, yana cewa ya fi babbar sauƙin kai tunda ba ya mayar da magana.

Wanda ke tsayawa a bakin ƙofa lokacin sauya direba shi ne Kawu Gaétan, ƙanin mahaifiyarsu, tsohon makanike mai farin gashin baki. Tun da suka fara tsere aikinsa ɗaya ne, ya kuma iya shi kamar numfashi. Ghislaine ta fito, ya zura hannu ya fizge soso ya cilla bayan katanga, Réjean ya faɗa ciki, ya ɗaure masa bel, ya rufe ƙofa. Ba a taɓa jin an yi asarar lokaci a ƙofar Kawu ba, kuma shi ma ba ya barin a manta da haka.

Ranar Lahadi da safe suka gwada sabon tsari. Réjean ya fito, Ghislaine da kanta ta jefa soso cikin kujera ta bi shi, Kawu ya ɗaure bel. Suka yi ya tafi daidai. Ta ce a sake. Suka sake. Da ta ce a ƙara, Kawu ya cire hula ya ce shi yana ɗaure bel tun ita tana tsotsar yatsa, in kuma tana ganin ya tsufa ta faɗa masa kai tsaye. Ta rungume shi ta ba shi haƙuri, ta sayo masa kofi da dankali mai cuku da romo, aka bar maganar gwaji.

Da aka fara tsere, Ghislaine ta hau katanga da hular kwanonta a hannu, ta sha kallo. Rabon Réjean da shiga kwanar farko cikin taro har ya manta yadda abin yake. Tun kafin a gama zagayen farko muryarsa ta cika rediyo, wai wani ya doke shi a baya, wai wani ya matse shi, wai waɗannan mutane ba su da tarbiyya. Ta danna maɓalli ta tambaye shi cikin ladabi ko yana so ta koya masa. Ya ba ta amsa da zagi irin na mutanen yankinsu, masu zagi da sunayen kayan coci, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Duk rumfar aka kwashe da dariya.

Amma a faɗi gaskiya, surutu daban tuƙi daban, kuma Réjean ya iya tuƙi. Kafin rabin lokaci ya cinye motocin gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya hau gaba. Mota guda ce ta ƙi rabuwa da shi, wata shuɗiya daga lardin Ontario, wadda Lorne Haskett zai karɓa a ƙarshe. Lorne tsohon hannu ne, mutumin kirki a rumfa, mai raba wa yara alewa, amma in ya rufe gilashin hularsa ko uwarsa ba zai ba hanya ba. Ghislaine ta hango shi can ƙasan layin gyara yana saka safar hannu. Ya ɗaga mata yatsa, ta ɗaga masa. Daɗi da tsoro sun haɗu sun hana ta tsayawa wuri ɗaya.

Aka kira Réjean ya shigo. Ta saka hula, ta rungume soso, ta tsaya a bakin layi.

Ƙuma ta shigo da zafinta, birki na hayaƙi, ta tsaya cak. Jak ya ɗaga ta sama, masu taya suka durƙusa, mai zuba mai ya cusa bututu. Kawu ya fizge ƙofa. Réjean ya fito da baya kamar yadda dogaye ke yi, Ghislaine ta wurga soso ta gefensa ya zauna daram cikin kujera. Sai takalmin Réjean ya maƙale a ƙarfen ƙofa, ya yi tangaɗi ya faɗo kanta, suka dafe juna. Ɗan wannan lokacin ne kawai. Kawu Gaétan ya ga mutum ya fito, ya ga soso a kujera babu kowa, hannunsa kuma bai jira kansa ba. Ghislaine ta ga wani abu ruwan ɗorawa ya gilma ta gefen idonta, ba ta kawo komai a ranta ba, ta ture yayanta ta cusa kai cikin mota.

Ta ji ta faɗa can ciki, ta yi zurfi fiye da yadda ta saba. Kafin ta buɗe baki Kawu ya haɗa bel ya ja shi tamau, ya soka wayar rediyo, ya buga ƙofa. Jak ya sauka. Mai riƙe allon tsayawa a gaban mota ya ɗaga allo. A wurin nan in an ɗaga allo tafiya ake yi, ba a tsayawa tambaya, don haka ta miƙa ƙafa ta lalubo totur da kan yatsu ta fita.

A kwana ta biyu ta gane girman abin. Bel ya manne ta da bayan kujerar Réjean, hannuwanta a miƙe sambal kafin su kama sitiyari, hancin motar ba ta ganin sa sam. Birkin motar tsere kuwa ba shafa shi ake yi ba, da dukan ƙarfin cinya ake taka shi, ita kuma ga ta tana isa gare shi da kan takalmi. Ta miƙe ƙafar hagu iya miƙewa, ta karkata ƙugu, motar ta rage gudu da ƙyar, tayar waje ta shafi ciyawa.

Rediyo ya yi ƙara. Ba muryar Réjean ta fara ji ba, ta Kawu ce daga nesa, yana ta maimaita cewa shi ne, shi ne, ga soson nan a hannunsa. Ba ta taɓa jin muryar tsohon nan tana rawa ba sai ranar. Sannan Réjean ya karɓa.

"Gigi, shigo. Ki shigo a wannan zagayen."

Ta tambaye shi in ta shigo me za a yi. Ya ce kwance bel da saka soso da sake ɗaurewa zai ci lokaci, shi kuwa yana nan da kayansa a jiki, hularsa ma bai cire ba, ta fito kawai ya faɗa ciki, wataƙila su tsira da na uku ko na huɗu. Cikin natsuwa ya faɗa, kuma wataƙila har ransa taimako yake nufi. Amma Ghislaine ta ji maganar yadda take, wato yau ma katanga.

Ta tambayi kanta gaskiya, don ba yarinya ba ce, tana da 'ya'ya biyu a gida. Bel yana riƙe da ita? Yana riƙe, har ya fi kullum. Tana iya tsayar da motar? Tana iyawa, in ta fara taka birki da wuri. Ta wuce ƙofar layin gyara ba ta ko kalle ta ba.

"Ka ce wa Kawu ya zauna ya sha ruwa," in ji ta. "Ba na shigowa."

Réjean ya yi magiya, ya yi faɗa, ya ce zai kira mahaifiyarsu. Ta ce ya kira, ta san lambar. Daga nan ta daina amsa shi, don shuɗiyar mota ta bayyana a madubi.

Lorne bai ɓata lokaci ba. Kowace kwana tana taka birki tun kafin alamar da kowa ke takawa, shi kuwa yana zuwa da gudunsa har sai ya cika mata madubi. A kwanar gindin dutse ya ɗan sumbaci bambarta, gaisuwa irin ta masu wannan tsere, wadda ke nufin ga ni nan, ki matsa. Ba ta matsa ba. Ta rufe ciki, ya gwada waje, ta bi shi waje. Suka yi ta haka zagaye bayan zagaye, 'yan kallo a kan tudu sun miƙe tsaye. Amma wanda ba ya iya taka birki ba ya tare hanya har abada. A kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya Lorne ya cusa hanci ta ciki, ya wuce ta kamar tana tsaye, ya ɗaga mata hannu ta taga wai na gode.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta zagi Lorne, ta zagi kujera, ta zagi tsawon Réjean da wanda ya gado shi. Haushin nan ne ya sa a kwana ta gaba, da ta riga ta rage gudu tun da wuri ba abin da ya rage mata, ta danna totur tun motar ba ta gama juyawa ba. Turbo ya yi ɗan tunaninsa a tsakiyar kwana, inda ba a bukatarsa, kuma daidai lokacin da hanya ta miƙe ya fara fito. Ƙuma ta yi tsalle. Shuɗiyar motar da ta fara nisa sai ga ta tana dawowa.

Ghislaine ta lura da abin da ya faru. Ta sake gwadawa a kwana ta gaba, birki da wuri, totur da wuri. Tayoyin gaba suka yi ƙugi suka ja ta waje kamar an ɗaure ta da igiya. Lorne yana tsere mata a shiga kwana, ita tana cin sa a fita, kuma miƙaƙƙiyar hanya ta fi kwana tsawo. Dariya ta kufce mata cikin hula. Ta ce wa motar, haka kike so ashe, 'yar banza, shekara nawa ba ki faɗa mini ba.

Rediyo a buɗe yake, kamar kullum. Réjean ya ji. Sai ya dawo da wata murya daban. Ya daina cewa ta shigo. Ya fara gaya mata abin da yake gani daga katanga: Lorne yana cin tayoyin gabansa da wannan birkin nasa, hayaƙi na tashi a ta hagu duk lokacin da ya shiga kwanar ƙarshe, kada ta yi gaggawa, ta bar shi ya ƙone su. Ta saurare shi, don in Réjean ya bar surutu ya kama aiki babu wanda ya fi shi ido.

Jikinta ne ya fara gajiya kafin motar. Ƙafar hagu ta ɗauki zafi tun daga ƙugu, sannan jijiyar ƙwauri ta fara ɗaurewa, kowane birki sai ta cije leɓe. Kafaɗunta suka yi tsami saboda miƙon hannu. Zafin cikin motar kamar gidan burodi, gumi na shiga mata ido babu hannun sharewa. Sau biyu ƙafar ta zame daga kan birki, sau biyu ta kamo motar a bakin ciyawa. Ta ji tsoro sosai a na biyun, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Duk lokacin da ta wuce ƙofar layin gyara sai ta ji ƙafar tana roƙon ta, ita kuma sai ta kalli bayan shuɗiyar mota ta wuce.

Réjean ya ce saura zagaye ɗaya. A lokacin tana manne da bambar Lorne har tana karanta sunan shagon tayar da ke liƙe a jikinta.

Ta gwada shi a gindin dutse, ya rufe. Ta gwada a ƙugiya, ya rufe, har suka gogi juna wani ɓallin fenti ya tashi. Saura kwanar ƙarshe, wadda ke hawa tudu ta zube kan miƙaƙƙiyar hanyar da layi yake. Lorne ya san nan ne kaɗai ya rage, don haka ya tsare ciki, ya jinkirta birki har ya wuce inda ya saba. Tayoyinsa kuwa sun riga sun gama aiki. Hancin shuɗiyar ya ƙi juyawa, ya zarce waje yana kuka.

Ghislaine ta riga ta taka nata birkin tun can baya, da ƙarfin da ya rage mata duka, har ta yi ƙara ba ta sani ba. Ta karya sitiyari ciki, ta danna totur har ƙasa da kan yatsunta. Turbo ya yi fito. Ƙuma ta fito daga kwanar ta cikin gurbin da Lorne ya bari, hancinta daidai ƙofarsa ta baya, sannan daidai ƙofarsa ta gaba. Lorne ya dawo kanta. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, madubinta na dama ya tashi sama, motar ta yi girgiza amma Ghislaine ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta ja giya, ta sake ja. Idonta yana kan shuɗin hancin nan da ke gefenta, tana kallon sa yana ja da baya kaɗan-kaɗan, taƙi ɗaya, taƙi biyu, tana ce wa motar je ki, je ki, je ki.

Sai rediyo ya fashe da ihu. Muryoyi da yawa a lokaci guda, da ƙarar wani abu da aka buga, kamar kujerar roba. Ta ci gaba da gudu, ta shiga kwanar farko kamar yadda take shiga, ta duba gefe ba Lorne.

"Ya ƙare, Gigi," in ji Réjean. "Ki rage gudu. Kin ci."

"Tutar fa?"

"Wace tuta? An kaɗa miki ita, kin wuce ta ƙarƙashinta."

Ta ɗaga ƙafa, turbo ya yi atishawa. Ta yi ƙoƙarin tuno layin, ba ta tuno komai sai shuɗin fenti. Duk shekarun nan tana jiran abu ɗaya, ya zo ya wuce ta saman kanta tana kallon motar wani. Ta ci tsere, ta sani, murna tana nan tana tasowa, amma wani baƙin ciki ya riga ta zuwa ya tokare mata ƙirji.

"Ban gan ta ba, Réjean," ta ce. "Ban gan ta ba."

Ta ji dai numfashinsa kamar yana gudu, sannan rediyon ya mutu.

Ta ci gaba da zagayen a hankali. A nan ta ga abin da ba ta taɓa sanin ana yi ba sai a labari, don daga katanga ba a hango shi. Masu tsaron kwana, mutanen nan masu fararen kaya da ke wuni a rana ba a biyan su, sun fito daga bayan shinge a kowace kwana, suna kaɗa duk tutocin da ke hannunsu, ja da shuɗi da kore, suna tafa mata. Wata mata a gindin dutse har tsalle take yi. Lorne ya zo gefenta da motarsa mai lotsattsiyar ƙofa, ya buɗe gilashin hula, ya nuna ta da yatsa ya girgiza kai yana dariya. Ta ɗaga masa hannu.

Da ta hau tudun kwanar ƙarshe za ta karya zuwa layin gyara, sai ta ga mai tsaron wurin ya tare ƙofar yana nuna mata ta miƙe. Ta miƙe. Can gaba, a kan layin, mutum biyu ne tsaye a tsakiyar hanya. Ɗaya dogo ne, da kayan tsere, yana haki ya dafa gwiwa, don tun daga rumfarsu ya sheƙo a guje ya hau matakalar mai tuta ya sauko da shi. Ɗayan tsohon mai tutar ne da kansa, yana gyara hula.

Tsohon ya jira har ta matso sosai, tana tafiya kamar mai neman wurin fakin. Sannan ya buɗe tutar ya kaɗa ta da hannu biyu, sama da ƙasa, daidai gilashinta, da ƙarfi kamar motoci ashirin ne ke tahowa. Baƙi da fari suka cika mata ido. Ta taka birki da ƙafar da ba ta jin ta, Ƙuma ta tsaya a kan layi tana ƙugi.

Réjean ya sunkuyo ta taga, fuskarsa jiƙe, ya fara tambaya ko ƙafarta lafiya, ko a kira likita, ko ya kwance mata bel.

"Matsa, Réjean," in ji ta, hawaye na gangarowa cikin hula. "Ka tare mini."

Ya matsa. Tsohon ya ci gaba da kaɗawa, ita kuma ta zauna can cikin kujerar da ta fi ƙarfinta, ta ɗaga haɓa sama ta saman sitiyari, tana kallo har sai da hannunsa ya gaji.